Jana'izar da Sulochana ta yi wa kanta

Shekara talatin da ɗaya Sulochana tana murza gurasa a gidan masu zuhudu na birnin Kashi, tun da mijinta ya mutu 'yan'uwansa suka sauke ta a bakin kogin Ganga da farin zane ɗaya. Bango kaɗai ya raba madafa da ɗakin karatu, shi ma a tsage yake. Ta nan ta ji abin da tsohon Swami, malamin gidan, ke nanata wa almajiransa kullum: rai ɗaya ne tak, ba namiji ba ne, ba mace ba, ba a haife shi ba, ba ya mutuwa. Almajiran na gyangyaɗi, ita tana haddacewa.

Abu guda take so kafin ƙasa ta rufe ido: jan mayafin zuhudu. Mai son sa sai ya yi wa kansa jana'iza a bakin kogi, sannan malami ya raɗa masa babbar kalma a kunne. Da ciwo ya kwantar da Swami, ta kai masa kunun shinkafa, ta durƙusa.

"Maharaj, ka ba ni mayafin."

"Uwa, me za ki yi da tsumma? Kin fi waɗannan ragwayen fahimta."

"To su me ya sa ka ba su?"

Ya juya fuska ga bango. "Ki yi haƙuri. Wata haihuwar, in kin dawo namiji."

"Wa zai dawo, Maharaj? Ba kai ka ce ba a haifi kowa ba?"

Kunya ce ta kama shi, ta kuwa gani, abin ya fi mata zagi ciwo. Bayan kwana huɗu Swami ya cika.

Ta ce da ranta, in babu raƙumi a yi da jaki: raɗa ta wuce ta, amma jana'izar tana hannunta. Ta dafa shinkafa, ta cura ƙwallayen da ake yi wa matattu, ta gangara kogi da hantsi. Wani pandit mai tumbi, mai yi wa matattu addu'a, yana zaune ƙarƙashin laima.

"Na wa ne, Uwa?"

"Nawa ne."

Ya yi dariya. "Gawa mai tafiya da ƙafarta! Zauna, na ga irinku. Suna?"

"Sulochana."

"Ta gidan wa?"

"Ba ta gidan kowa."

"Haba, Uwa. Addu'a ba ta tashi sai da sunan zuriya. Na mijinki za ki faɗa, shi kika shiga ran aure."

Ta dubi ƙwallayen, har sun fara tsagewa a rana. Ta tuna gidan mijin nata. Gidan da aka kore ta, gidan da ko wasiƙa ba su taɓa aiko mata ba.

"Yi sauri, akwai masu jira."

Ta sunkuyar da kai, ta faɗi sunan.