An Cire wa Ƙararrawa Batir

Maureen Ackroyd ba ta taɓa ganin matar da ke haya a gidansu ba sai ranar da iska ta kayar da shingen katakon bayan gidan. Gidan mahaifiyarta ne, a wani layi mai gangara a Halifax. Tun da tsohuwar ta rasu, ita da mijinta Clive suka miƙa makulli ga wani kamfanin dillalan gidaje, suka janye ƙafa kamar yadda kowa ke yi. Maƙwabci ne ya bugo waya cewa shingen ya kwanta a kan furanninsa, shi ya sa suka zo ranar Asabar da hantsi, Clive da guduma, ita da ƙusoshi a aljihun rigar sanyi.

Suna cikin aiki ƙofar baya ta buɗe. Wata mata mai tsohon ciki ta leƙo, tana dafe da bango.

"Ku ne masu gidan? Sunana Danuta. Ku shigo ku sha shayi, kafin sanyin nan ya ƙandarar da ku."

"A'a 'yar nan, ba mu sanar da ke za mu zo ba," in ji Maureen. "Ba daidai ba ne."

"Ni dai cikina ya daɗe da sanarwa," in ji Clive, ya ajiye guduma ya yi gaba.

Kicin ɗin da ɗumi kamar cikin tanda. Tagogi duk a rufe, gilashinsu na zufa, an cusa tawul a ƙasan ƙofa. Danuta ta zuba madara a kofi, rabinta ya malale a tebur. Ta tsaya tana kallon madarar kamar ba ta san daga ina ta fito ba.

"Ku yi haƙuri. Ciwon kan nan ne. Laulayi ya ƙi sakina har yanzu. Abin dariya, da na isa wurin aiki sai in ji garau, da na dawo gida sai ya dawo. Mijina ya ce aikin gida nake gudu."

"Yana ina?"

"Direban babbar mota ne. Yana can wajen Jamus."

Maureen ta daina saurare. Idonta na kan kabad ɗin da ke kusurwa, inda tukunyar gas mai ɗumama gidan take tun zamanin mahaifiyarta. A saman ƙofar kabad ɗin wani tabo ruwan ƙasa ya hau bango har rufi, kamar an kunna kyandir a wurin.

"Clive, buɗe min wancan."

Ya ja hannun ƙofar, ba ta motsa ba. Ya sa ƙarfi. Sannan ya sunkuya ya duba da kyau, ya bi gefen ƙofar da yatsa daga sama har ƙasa. Farin fenti ya liƙe ta da jikin kabad ɗin ta ko'ina, babu tsaga ko ɗaya.

"Yaushe aka yi fentin nan?" Muryarsa ta sauya.

"Haka na same shi. Wannan hunturuna na uku ke nan a gidan."

"To mai duba gas fa? Wanda ke zuwa duk shekara?"

Danuta ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wane mai duba gas?"

Maureen ta juya ta dubi Clive. Duk shekara kamfanin kan gaya musu an je an duba, komai lafiya. Duk shekara takan ce madalla ta ci gaba da harkarta.

Clive ya ɗauki wuƙar shafa man shanu ya tsaga fentin. Ƙofar ta buɗe da ƙara. Cikin kabad ɗin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Bututun da ke fitar da hayaƙi waje ya zame daga mahaɗinsa, har hannu zai shiga tsakani. Ta ƙaramar tagar tukunyar harshen wutar na rangaji, rawaya, maimakon shuɗi.

Ya kashe tukunyar, ya durƙusa ya murɗe kan gas. Maureen ta bi tagogi tana bankaɗewa, ta ture tawul da ƙafa ta wangale ƙofa. Tana juyowa ta ga farar ƙararrawar da ke bango, wadda aikinta ke nan ta yi kuka idan gubar gas marar wari ta taru a ɗaki.

"Wannan fa? Ba ta taɓa kuka ba?"

"Ta yi mana. Kwanakin baya ta hana ni sakat. Na kira ofis, suka turo mutum ya gyara ta. Tun daga nan shiru."

Maureen ta miƙa hannu ta ciro ta. Ba nauyi. Ta juya bayanta ta zare murfin. Gurbin batir fayau, babu komai.

Ta daɗe tana kallon gurbin. Sannan ta kira Gavin Sutcliffe, dillalin da ke riƙe da gidan, ta sa wayar a amsa-kuwwa ta ajiye a tebur kusa da madarar.

"Misis Ackroyd! Barka da hutun mako. Ya gwiwar maigida?"

Ta gaya masa abin da suka gani, a taƙaice.

"To, kafin komai, kun ba ta sanarwa kuwa kafin ku shiga? Don kin san ƙa'ida..."

"Gavin, wa ya cire batirin?"

"Wai ƙararrawar? Ai Misis Ackroyd, abubuwan nan kuka suke yi ba gaira ba dalili. Ko burodi ya ƙone sai su tashi unguwa. In duk wadda ta yi tsiwa muka kira mata injiniya, ku masu gidaje ne za ku fara zaginmu. Mai yi mana ƙananan gyare-gyare kan kashe ta ne kafin a samu lokaci."

"Kafin a samu lokaci," in ji Clive. "Kai yaro, kabad ɗin fa? Injiniyan naku aljani ne, ta jikin fenti yake shiga?"

"Mista Ackroyd, mutumin ƙwararre ne. Idan bai samu kowa a gida ba, yakan duba bututun ta waje. Daga nan ma ana ganewa."

"Ta waje! Ya sauko daga mota ma kuwa, ko hannu ya ɗaga wa gidan?"

"Mu bar zafin rai. Ni shawara zan ba ku, don muna tare. A doka, alhakin duba gas yana wuyan mai gida ne, ba dillali ba. Kada ku yi gaggawar sa hukuma a ciki. Ku zo ofis ran Litinin mu sha shayi, mu san yadda za mu..."

Maureen ta katse wayar, don Danuta ta sulale ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da firji.

"Tashi 'yar nan, asibiti za mu."

"A'a, ina da aiki da rana. Gidan kula da tsofaffi ne, in ban je ba wata za su kira." Ta riƙo hannun Maureen. "Don Allah kada ku gaya wa kowa. In suka rufe gidan ina za ni da cikin nan? Ku sa a gyara kawai. Ni ba mai ƙorafi ba ce, ku tambayi ofis."

"Na sani. Gaya min, ɗan cikin ya motsa yau?"

Danuta ta ɗora hannu a cikinta. Ta jira. Idanunta suka tsaya wuri ɗaya.

"Jiya da safe dai ya motsa."

Clive ya ja matarsa zuwa bakin ƙofa, ya rage murya. Fuskarsa ta yi fari kamar fentin.

"Mo, kin ji abin da yaron can ya ce. Da zarar asibiti sun auna jininta, mu za a nema. Kotu ce fa. Har ɗauri ana yi."

"Na ji shi."

"Ba cewa nake kada mu je ba. So nake ki sani."

"Na sani. Kawo mota bakin ƙofa, tsohon nan, ka bar tsayuwa."

A hanya ta zauna baya tare da Danuta, gilasai a sauke, iskar sanyi na dukan fuskokinsu. Duk sanda kan matar ya fara langaɓewa sai Maureen ta girgiza ta, ta tambaye ta sunan garinsu, sunan uwarta, abin da ake sa wa a miyar gwoza. Clive, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas ba a taɓa kama shi da laifin hanya ba, ya keta jar fitila.

A asibiti ba su jira layi ba. Aka kifa wa Danuta abin shaƙar iska a fuska, aka ɗebi jini. Ungozoma ta shafa mata mai a ciki ta ɗora na'urar sauraro. Sai shuuu, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Ta matsar da ita hagu. Shuuu. Ta matsar ƙasa, ta danna. Maureen ta ga kanta tana matse ƙusoshin da ke aljihunta har suna huda mata tafi.

Can sai ga bugun zuciyar jaririn, ƙasa-ƙasa, da sauri kamar gudun ɗan doki.

Danuta ta rufe ido, hawaye na bin gefen robar da ke fuskarta.

Likitar da ta zo da sakamakon jinin ba ta yi murmushi ba. Ta ce zuciyar na bugawa, wannan shi ne na yau. Ko gubar ta taɓa ƙwaƙwalwar jaririn, ba mai iya faɗa sai an haife shi, wataƙila ma sai ya fara girma. Ta ce Danuta za ta kwana, kuma dole su sanar da hukuma yanzu.

"Kin san sunan mai gidan?" ta tambayi Danuta.

Maureen ta miƙe daga kujera.

"Ga ni," ta ce. "Maureen Ackroyd."