Armaya'u Ya Gani

A Tambuwal akwai wani ɗaki mai rufin kwano wanda ƙungiyar tsofaffin malaman makaranta ta keɓe domin karatu. Kantoci ne na katako shaƙe da littattafai, na boko da na ajami, sai wani akwatin ƙarfe a kusurwa inda aka jera faya-fayan fina-finai. Marigayi Malam Na'iya ne ya fara riƙon ɗakin, kuma shi ya kafa ƙa'idar da aka gada: ba littafi ko faifan da mai riƙo zai miƙa wa mutum ya kai gida sai ya karance shi, ko ya kalle shi da idonsa, tun daga farko har ƙarshe. In zai miƙa, sai ya ce, "Na gani, na yarda." A kan wannan kalma Malam Na'iya ya tsufa, ita ce kuma ya bar wa magajinsa, Malam Armaya'u.

Kalmar tana da nauyi a wannan ƙasa, domin littafi a nan ba na mutum ɗaya ba ne. A tsakar gida ake karanta shi da ƙarfi, tsohuwa tana tsinkar zogale tana ji, yara suna ji. Fim kuwa har maƙwabta sukan shigo da tabarminsu. Magidancin da zai hana a kunna abin da ke cikin wayar ɗansa, in aka ce masa "Armaya'u ya gani," sai ya gyara zama ya ce a kunna. Shi kuma Malam Armaya'u ba ya zaɓe sai ya yi tambaya, kamar yadda ya ga ana yi tun farko: su wa za su saurara, akwai marar lafiya a gidan, akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna? Wanda karaya ta kwantar, sai ya ba shi labarin tafiye-tafiyen fatake. Gidan da 'yan'uwa suke jayayya kan gona, ya san wane littafi zai aika musu, ya kuma san wanda ba zai aika ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, yanar ido ta daɗe tana rufe masa gani. Tsofaffin littattafai ba su dame shi ba, ya san kowanne da kaurinsa da inda bangonsa ya yage. Sababbin faya-fayai ne suka zame masa aiki. Sai ya riƙa tura ƙofa, ya sa faifai, ya zauna gaban akwatin talabijin ya saurara har ƙarshe, haske yana motsi a gabansa kamar inuwar ganye a bango. Yakan gaya wa kansa cewa abin da ke ɓata gida ta baki yake fitowa, ashar ce ko raina iyaye, rawa kuma ba ta zuwa sai da kiɗa, kunnensa kuwa lafiyarsa lau.

Wata Laraba a farkon kaka, Hauwa'u ta yi sallama a bakin ɗakin. Ma'aikaciyar jinya ce a Kebbe, kuma tsohuwar ɗalibarsa ce. Bayan sun gaisa, ta zauna a gefen benci ta faɗi abin da ya kawo ta. Da damina, 'yar yayanta Haliru, wata ƙaramar yarinya mai suna Umaima, ta bi mata zuwa ƙetaren rafi a Fakku, ruwa ya tafi da ita, ba a kuwa same ta ba. Tun daga ranar uwar yarinyar, Ruwaida, ta daina magana sai abin da ya zama dole.

"Baba Malam, wa'azi kam ta sha shi," in ji Hauwa'u. "Kowa yaz zo sai ya ce ta yi haƙuri. Abin da nika so, ran Juma'a bayan La'asar in tara mata a tsakar gida, in kunna musu wani abu mai sanyi, ko ta zauna cikin mutane."

Malam Armaya'u ya yi tambayoyinsa duka, ya ji ko su wa za su zauna, ya ji ko Haliru ya amince. Sa'an nan ya laluba cikin akwatin ya ɗauko wani faifai da ya saurara kwanan baya, labarin wasu manoma biyu, wa da ƙane, waɗanda suka ɓata kuma suka shirya. Maganganun cikinsa masu taushi ne, kuma ya tuna a tsakiyarsa akwai wani dogon wuri da ba a cewa komai, sai busar sarewa da ƙarar iska a cikin gona. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na gani, na yarda," in ji shi.

Ranar Juma'a da hantsi, sai ga Malam Maccido, taubashinsa kuma abokin aikinsa tun suna koyarwa, ya shigo ya zube a kujera yana fifita da hula.

"Alƙalin faifai, ina wanga fim na wa da ƙane? Uwargida ta ce in aro mata, ko da yake ni na rantse ba ni sake kallonai."

"Ya tafi Fakku, gidan Haliru. Kai kuma mi ya hana ka sake kallo, ko barci ne yak kwashe ka awa kullum?"

Malam Maccido ya daina fifita.

"Gidan Haliru? Wanda ruwa yac ci ɗiyatai? Armaya'u, kanka ɗaya? Ka manta wurin da ɗiyar ƙanen ta faɗa gulbi, ana ta busa sarewa, ba mai cewa uffan? Ni da gemuna sai da nis share hawaye."

Malam Armaya'u ya sake jin ƙarar nan a kunnensa, wadda ya ɗauka iska ce a cikin dawa, sai yanzu ya gane ruwa ne. Ya tuna kuma daga baya 'yan'uwan suna ta ambaton "abin da ya same mu," shi kuwa ya zaci asarar amfanin gona suke nufi. Taubashin nasa ya matso, ya ɗaga hannu a gaban fuskarsa, ya ga idanun ba su bi hannun ba. Wasan da ke bakinsa ya mutu.

"Tun yaushe?" ya tambaya a hankali.

"Ba lokacin wagga magana ba ne. Nemo mini Hauwa'u a waya."

Suka kira, suka sake kira, wayar ba ta shiga. Malam Maccido ya ce a ba wani direba saƙo ya ce kawai faifan ya lalace, a maido shi, ba wanda zai san komai. Malam Armaya'u ya girgiza kai. Ya tuna masa cewa Malam Na'iya ya taɓa ba da wani littafi, daga baya ya gano shafukan ƙarshe sun zube, ya taka da ƙafarsa har Sanyinna ya karɓo shi, ya kuma faɗa wa mai gidan dalili, domin bakin da ya ba da kalma shi ke zuwa ya janye ta.

Ya ɗauki sandarsa, Malam Maccido ya raka shi tasha ya sa shi a mota. A Kebbe ya yi sallar Juma'a, sa'an nan ya hau bayan ɗan kabu-kabu. Hanyar duk damina ta zaizaye ta, babur yana faɗawa rami yana fita, tsohon yana riƙe da kafaɗar mutumin, ƙugunsa yana amsa kowane rami. Bai ga dawar da ta sunkuya a gefen hanya ba, sai dai ƙamshinta. Duk tsawon tafiyar abu ɗaya yake aunawa: inuwa ta fara tsawo, kuma in ya makara, matar nan za ta zauna cikin mutane da amincewa, ruwa ya taso mata a fuska da sunansa a kai.

Ana sallame La'asar ya isa ƙofar gidan. Daga zaure yana jin hayaniyar mata a ciki da karkaɗar tabarmi. Haliru ya tarbe shi da mamaki, ya shimfiɗa masa buzu a cikin maƙwabtan da suka dawo daga masallaci, aka kawo ruwa. Malam Armaya'u ya ƙi sha sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya roƙi a kira Hauwa'u, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar ciki.

"Kun kunna?"

"Yanzu muka shiri, Baba Malam. Lafiya?"

Yana iya cewa a keɓe. Amma a fili aka riƙa faɗin "Armaya'u ya gani," saboda haka ya ɗaga murya yadda duk zauren zai ji.

"Haliru, na ce wa ƙanwarka na gani. Ban gani ba. Idanuna sun tafi, da kunne nika kallo, ban kuwa gaya ma kowa ba. A cikin faifan ga akwai yarinya da ruwa yat tafi da ita. Yau da safe anka gaya mani."

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Haliru ya sunkuyar da kai, ya ce wa Hauwa'u ta ciro faifan ta ba Malam abinsa, a ce wa mata batir ya ƙare.

"Kada a ce musu haka."

Muryar ta fito ne daga bayan Hauwa'u, a dushe, irin ta wadda ta daɗe ba ta yi amfani da ita ba. Ruwaida ce, ta biyo ƙanwar mijinta ta tsaya a bayan ƙofa. Ta gaishe da baƙon yadda ya kamata, sa'an nan ta ci gaba.

"Maigida, ka yi mani izini in yi magana. Tun da Umaima tat tafi, ba a bari in je ɗibar ruwa. In hadari ya taso sai a ƙara muryar rediyo. In na shigo sai a sauya zance. Baba Malam, an ce kana tambayar kowa kafin ka zaɓa. Ka tambayi Hauwa'u, ka tambayi ra'ayin maigida. Ni ba wanda yat tambaye ni." Ta juyo wajen baƙon. "Yarinyar da ke cikin faifan, an same ta?"

"Ban sani ba, ɗiyata," in ji Malam Armaya'u. A tsawon riƙonsa ba a taɓa tambayarsa abin da ke cikin akwatin nan ya ba da wannan amsa ba.

"To ni ina son in sani. Tawa takalminta kaɗai anka kawo mani."

Haliru ya ɗago kai, ya ce in ta tabbata, shi zai zauna kusa da ita. Ruwaida ta roƙi a ba matan haƙuri su dawo wata rana, a kuma gaya musu gaskiya. Ta ƙara da cewa a shigo da Baba Malam, tun da uba ne, kuma bai kamata ya koma da kayansa bai san abin da ke ciki ba.

Haka aka riƙo hannunsa aka shigar da shi tsakar gida, aka zaunar da shi a gindin rumbu. Hauwa'u ta ɗora kwamfutarta a kan turmi ta kunna. Manoman nan biyu suka yi faɗansu da muryoyin da ya sani. Da sarewa ta fara, ya ji Haliru ya ja numfashi. Sai Ruwaida ta fara magana, a hankali, ba ta juyo ba.

"Baba Malam, ga ta nan a bakin gulbi. Ƙwaryarta ta suɓuce, ta bi ta. Ruwan ja ne, irin na tsakiyar damina." Sarewa ta ci gaba. "Yanzu ba a ganinta. Mutane na gudu a gaɓa. Wan ubanta ya faɗa ruwa da rigarshi."

Sarewa kaɗai yake ji, har ya zaci ta tashi.

"Masunta sun same ta. Sun ɗauko ta a kwalekwale. An kawo ma uwar." Muryarta ta karye, ta sake haɗa ta. "Uwar ta kwance mayafinta ta rufe ta. Ta gyara mata ƙafafu."

Kuka ya zo mata, irin wanda gidan bai ji daga gare ta ba tun ranar, Haliru ma yana yi bai ɓoye ba. Hauwa'u ta miƙa hannu za ta kashe, Ruwaida ta riƙe ta, aka bari har 'yan'uwan suka shirya, har faifan ya ƙare. Malam Armaya'u yana zaune da sandarsa a cinya, bai ce mata ta yi haƙuri ba.

Ruwaida da kanta ta sa faifan a kwalinsa ta ɗora masa a hannu.

"Na gani," in ji ta. "Na yarda, amma ga wadda anka gaya ma abin da ke ciki, ta kuma roƙa da bakinta. Kada a kai ma wata don a faranta mata rai."

A Fakku ya kwana, washegari ya koma Tambuwal ya tara ƙungiyar tsofaffin malamai ya maimaita musu abin da ya faɗa a zauren Haliru. Suka bar masa littattafai, waɗanda ya karanta tun idanunsa suna nan, suka ba Malam Maccido mabuɗin akwatin ƙarfe. Labarin ya zaga, kuma akwai gidajen da suka daina aiko masa, bai ce sun yi laifi ba. Ga tambayoyin da ya gada daga Malam Na'iya ya ƙara guda: ita wadda ake aro wa, an tambaye ta?

Faifan wa da ƙane kuwa an ware shi a saman kanta, ba a cikin akwati ba. Kafin ƙarshen kaka wata mata daga Sanyinna, wadda rijiya ta ci ɗanta, ta zo da mijinta ta neme shi da bakinta. Malam Armaya'u ya gaya mata duk abin da ke ciki, har mayafin. Ta ce ta ji, a ba ta. Ya miƙe ya lalubo shi, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ni ban gani ba," in ji shi. "Ruwaida ta Fakku ta gani."