Wa Zai Gaya wa Fanna

Su huɗu suka ciccibo Baba Barkai daga rumbun fatu, gishiri duk ya manne masa a gemu. Ado ne ya riƙe kansa. Tun da aka busa jiniyar safe tsohon yake tari, amma da yake Allah ya zuba masa taurin kai, bai yarda ya zauna ba sai da ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti likita bai ɓoye ba, ya ce huhun ya gama aiki, a mai da shi gida.

Gidan kuwa na haya ne a Challawa, bayan kamfanin jima inda suke aiki, ɗakinsa na kallon na Ado shekara shida ke nan. Barkai mutumin Faya ne, can arewacin Cadi. Hausarsa ba ta san namiji ba, kowa "ke" ne a wurinsa, har liman. Ado ya tsokane shi a kan haka har ya gaji ya bari.

Da can duk shekara yakan je gida. Bara sojojin Libiya suka shigo da tankoki suka kama Faya, Faransa ta jibge nata daga kudu, aka ja layi a tsakiyar ƙasar, kowa ya riƙe rabinsa. Matarsa Fanna ta faɗo a wancan rabin. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara ƙetarowa ba.

Kwana na uku, Uwani matar Ado ta kawo kunu, ya kau da kai.

"Baba, ku daure ku sha ko kaɗan ne," in ji Ado.

"Ado, ki matso." Muryar da ƙyar take fita. "In na mutu, ki aika wa Fanna."

"Haba Baba, ku daina irin wannan maganar."

"Ki bar haba. Ta ji, ta yi takaba, ta fita. Fanna ba tsohuwa ba ce, za ta samu miji. Kada ta zauna tana auren gawa."

Ado ya ce ya ɗauki alkawari. Abin ya yi masa sauƙi a baki.

Ranar Laraba bayan la'asar Barkai ya cika. A bakin kabari liman ya tambaya ko akwai danginsa a wurin, babu ko ɗaya, sai tarin ma'aikata da warin jima a jikinsu.

Liman ne ya rubuta takardar zuwa ga Fanna da Larabci. Ado ya kai wa Gwadabe, direban da ke jigilar kaya zuwa Gamboru, shi kuma ya ba wani mai shiga Cadi. Bayan wata biyu takardar ta dawo, ta yi baƙi da hannun mutane.

"Mutum huɗu ta bi," in ji Gwadabe. "Na ƙarshen ya ce daga inda hanya ta ƙare sai nakiya. Ka yi haƙuri, Ado, ka fita hakkinsa."

Ado bai ji ya fita ba. Ya sa aka yi sanarwar rasuwa a rediyo, ko da yake ya san muryar ba ta kaiwa can. Ya bi shagunan 'yan Cadi a kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji Faya sai ya girgiza kai. Abin ya tsaya masa a rai, har abinci ya daina yi masa daɗi. Uwani kuwa kwanaki take ƙirgawa kamar ita aka bar wa takabar.

"Maigida," ta ce wata safiya, "da Fanna ta ji tun ranar, da jiya ta yi wankan fita."

Ado ya ɗauki takalman robarsa ya fita.

Da ya taso aiki ya tarar da baƙo a ƙofar gida, dogo, ya rame, ƙafafunsa duk sun tsage. Hausarsa 'yar kaɗan ce. Ya ce gidan Barkai yake nema. Daga Faya ya gudo, a raƙumi, sannan a ƙasa, wata uku yana hanya.

Ado ya shigar da shi, ya ba shi ruwa, ya gaya masa rasuwar. Baƙon ya yi salati ya sunkuyar da kai.

"Malam, yaushe za ku koma? Akwai takarda."

"Koma?" Baƙon ya dube shi. "Mu goma sha ɗaya muka fito. Mu uku muka iso."

Sai ya kwance bakin rawaninsa ya fito da wani ƙullin tsumma ya ajiye a kan tabarma. Dabino ne, bai fi cikin tafin hannu biyu ba, ya bushe ya ƙanƙance.

"Fanna ta ce a ba shi. Na bishiyarsu ne. Ta ce kada ya damu, tana nan tana jiransa, ko shekara nawa ne."

Uwani ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ado ya zauna yana kallon ƙullin a buɗe tsakaninsa da baƙon. Har aka kira magariba babu wanda ya kai hannu.