Gida Ɗaya a Takardar Doreen

"Ja da baya. Ƙara. Har jikin firji," in ji Doreen. "To, me ka gani?"

Na ce harafi na gani.

"Wanne? Walt, shekara talatin kana tuƙa bas, da ka-cici-ka-cici kake karanta allon hanya?"

Ƙofarta na kallon tawa. Sana'arta zana 'yan hotunan nan da ake dannawa a kwamfuta. Na ƙarshe da ya rage mata shi ne na fayil ɗin salon haruffa: hoton takarda, da "a" a tsakiya. Ana son sa manya da ƙarami; manyan duk ta gama. Ƙaramin ne ya hana ta sakat, gida-gida kamar na dara, sha shida a tsaye, sha shida a kwance, a allon kwamfuta bai kai ƙwayar wake ba. Ran Juma'a masu haɗa manhajar za su rufe karɓa, in ba ta aika ba su sa na wani. Likita ya ce mako guda ya rage mata a duniya, ta ce ai ya ishe ta.

A takarda mai gida-gida take cikewa da fensir, ta manna a bango, ta kora mutum nesa ya duba. Idonta ya gaza, sai ta ari nawa, ba ko sannu.

Kan gida ɗaya ake rigimar, a tsakiyar harafin. Ta cike, ta goge, ta miƙe, ta zauna, robar iskar numfashi na jan ƙasa a bayanta. Miyar kajin da na kawo ta huce a tukunya.

Ran Laraba na kasa jure ganin tana cikewa tana gogewa. Tausayi ya kama ni, haushi ma haka.

"Ya yi, Doreen. Na rantse ya yi."

"Ko tabarau ba ka sa ba, tsohon banza. Sa ka duba."

Na sa, na koma jikin firji. Cikin harafin ya toshe, kamar tawada ta ɗiga.

"A goge," na ce.

"Na sani. So nake in ji ko za ka yi min ƙarya sau biyu."

Ta gyara a kwamfuta, amma yatsanta ya ƙi, ni na danna mata aka aika. Washegari da hantsi ta cika a kujerarta.

Da aka fita da ita na koma ɗaukar tukunyata. Takardar na nan a bango. Gidan nan na tsakiyar harafin ya sha guga har ya huje, koren fentin bango na leƙowa ta ramin. Sai ji na yi bayana ya taɓa firji.