Kaset ɗin Kaka Orlena

Likita ya gama leƙa kunnuwan Baba, ya ajiye 'yar fitilarsa, ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama ma yana kan hanya. Baba bai ji ba, sai da na maimaita masa da ƙarfi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce dama babu wani abin kirki da ya rage a duniya da yake son ji. Ƙarya yake yi, ni da shi duk mun sani.

Akwai muryar mahaifiyarsa, Kaka Orlena. Ni ban taso na same ta ba. Lokacin da masu haƙar kwal na garinmu suka yi yajin aiki, ita ta ja mata suka zauna a tsakiyar titi suka hana motocin kamfani wucewa. Bayan ƙura ta lafa, wani Farfesa Alden Whitcomb ya hawo tsauninmu da rikoda, ya baje a barandarta, ya cinye mata wake da burodin masara, ya ɗauki hirarta, ya kama gabansa. Shekara na zagayowa ta rasu. In ban da kaset ɗin nan, babu inda muryarta ta rage.

Ni na gano inda yake. Wata rana na rubuta sunanta a intanet don kawai in gani, sai ga ta a wani rumbun tarihin Amurka, irin wanda ake tara tsofaffin jaridu da hotuna da hirarraki. Ga sunanta, ga garinmu, ga ɗan hoton lasifika a gefe. Nan take na danna. Sai shafin ya tambaye ni a wace jami'a nake. Ni Twila, mai tuƙa motar 'yan makaranta!

Na sa Baba a mota muka gangara jami'ar da farfesan ya koyar. Ginin laburaren ma sunansa aka sa masa, da manyan haruffa. Wata budurwa mai suna Brenna ta tarbe mu da fara'a har kunne, irin fara'ar da ake koya wa mutum kafin a ba shi aiki.

"Wayyo Baba, labarin nan ya ratsa ni," in ji ta, ta dafe ƙirji. "Irin muryoyin nan su ne dukiyarmu."

"Me ta ce?" Baba ya tambaye ni.

"Wai Kaka dukiyarsu ce."

"To madalla. Ki ce ta kunna min dukiyar in ji."

Nan fa aka fara ja da baya. Wai hirar tana hannun kamfanin da ya kwashe kaya-kayansu ya zuba a intanet, kuma yarjejeniya ta ce ɗalibai da malamai kaɗai ke shiga. Ainihin kaset ɗin kuma yana can wani ɗakin sanyi a wata jiha, ya tsufa, ba a taɓa shi.

"'Yar nan, uwata ce fa," Baba ya ce.

"Na sani, Baba, kuma muna alfahari da ita sosai."

Na ce mata ta riƙe alfaharin, ta ba mu mabuɗin shiga shafin. Ta yi murmushi ta miƙo min takardar talla mai hoton wasu tsofaffi suna dariya. Ashe akwai tsarin da ya yarda dattawa su zauna a aji kyauta. In Baba ya zama ɗalibi, ƙofa ta buɗe. Sai dai rajista ta rufe, sai bayan damina.

Haka muka ci damina muna jira, kunne yana ta lalacewa. Ya daina jin tsuntsaye. Ya daina jin ƙarar tukunyar shayi. Ni ma sai na kauraro murya kamar namiji kafin ya gane maganata, don likita ya ce siririn sauti ne ke fara gudu. Tsoro ya kama ni sosai a watannin nan, ina kwana da shi ina tashi da shi.

Damina ta wuce, sai Baba, tsohon da ya bar makaranta yana ɗan saurayi ya shiga ramin kwal, ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi aji. Darasin tarihin ma'aikata aka sa shi. Ya dawo yana tsaki.

"Yaron da ko gemu bai gama ba yake gaya min yadda ramin kwal yake. Wai akwai duhu. Ka ji ilimi!"

Suka ɗauke shi hoto suka sa a jaridarsu, ɗalibi mafi tsufa, abin koyi. Mabuɗin kuwa sai da muka yi ta zarya, don tsarinsu lambar sirri yake turowa ta wayar hannu, Baba kuma wayarsa ta gida ce mai igiya, a bango take.

Ranar da muka samu shiga, da hantsi ne, a teburin kicin. Na sa masa abin ji a kunnen dama, na ƙure ƙara har ina jiyowa daga kujerata. Ya wanke hannu, ya gyara zama. Na danna.

Wani namiji ya yi gyaran murya. Murya mai kauri, ƙoshasshiya.

"'Yan'uwana masana," in ji muryar, "wajibi ne a kanmu mu adana muryar talaka kafin ta ɓace."

Na duba ƙasan shafin, inda suke ɓoye gaskiya da ƙananan haruffa. Wai a wancan zamani, in sakatariya ta gama kwafe hira a takarda, kaset ya gama aikinsa, sai a sake ɗaukar wani abu a kansa. Farfesa Whitcomb ya ɗauki na Kaka ya yi atisayen jawabinsa a kai. Kamfani kuma ya kwafe shi yadda yake, ya liƙa masa sunanta, babu wanda ya taɓa saurara. Rubutun hirar yana nan, amma an wanke shi an goge, an mai da ita mai magana kamar lauya. Baba ya karanta layi biyu ya ce wannan ba uwarsa ba ce.

Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni.

"Bar shi. A kan nata yake magana. Ta taɓa zama a nan."

Muka zauna muna jin mutumin yana yabon kansa. Ya yi tari, ya sake jimla, ya gwada inda zai dakata a tafa masa. Baba yana jin kowace kalma tar, don irin wannan muryar kunnensa bai daina ɗauka ba. Ni kuwa zuciyata tafasa take yi.

Can jawabin ya ƙare. Aka ji ƙas, sai shuuu. Ashe surutun farfesa bai kai ƙarshen zaren kaset ɗin ba. Daga cikin shuuu ɗin wata siririyar murya ta fito, mai kaifi, da dariya a cikinta:

"Dewey! Rufe min ƙofar nan, ƙudaje na shiga. Kai dai ba ka ji!"

Shi ke nan. Zare ya ƙare.

Hawaye suka zubo min. Baba ya dube ni, ya dubi kwamfuta.

"Mene ne? Ya gama?"

"Baba, ita ce. Ga ta nan a ƙarshe."

Na mayar baya na sake kunnawa. Ya danne abin ji da tafin hannu, ya runtse ido, ya riƙe numfashi. Na sake. Na kuma sakewa. Ya girgiza kai a hankali.

"Iska kawai nake ji, Twila. Me ta ce?"

Na share fuska, na kauraro murya yadda zai ji.

"Sunanka ta kira. Ta ce ka rufe ƙofa, ƙudaje na shiga."

Ya cire abin jin ya ajiye a tebur, ya dafa kujera ya miƙe. Ƙofar kicin a buɗe take tun safe. Ya taka ya je ya ja ta har ta kama.

"To, Mama," ya ce.