Mota Mai Rarrafe

Auta ta ajiye kwalin a gefen gadon mahaifinta, ta ɓare shi da farce tana murmushi, ta fito da wata jar mota ta roba mai idanu da baki a gaba, da igiyar ja. Da ta tura ta a kan siminti sai motar ta hau kiɗa, idanun suna juyawa.

"Ga saƙonka, Baba. Sai da na zaga kasuwa kafin in samu mai kiɗa."

Baba Direba ya dubi motar, ya dubi 'yarsa, ya sake duban motar. Sai ya juya fuskarsa wajen bango.

Mai ɗinki tana zaune a bakin ƙofa, shayin da ta kawo masa yana hucewa a hannunta. Maƙwabciyarsa ce, gajeriyar katanga ce kawai tsakanin gidajensu, kuma tun suna da baƙin gashi suke gaisawa ta kanta. Matarsa ta rasu, mijinta ya rasu, abin da ya rage musu sai tsokanar juna. Tun da ciwo ya shanye masa ɓarin hagu, harshensa ya yi nauyi, ita ce ke leƙowa safe da yamma, don Auta tana zuwa aiki, ga kuma goyo.

To, goyon nan ce ta fara isa wurin motar. Yarinya ce da ta fara rarrafe, ba abin da ke tsira a hannunta. Ta cafke motar ta kai baki.

"Ka gani, tana so," in ji Auta. "Ba kai ka ce in sayo motar mai rarrafe ba? Ga mai rarrafe, ga motarta."

Tsohon ya yi wa bango magana. Auta ba ta kama ba. Mai ɗinki ce ta matso, don kunnenta ya riga ya saba da sabon harshensa.

"Maimaita, ɗan tsoho. Bango ba ya kai saƙo."

"Mota," ya ce, ya numfasa. "Mai rarrafe. Motar ce take rarrafe."

Kun ji inda aka samu matsala. Shi mota mai rarrafe ya ce, ita kuwa motar mai rarrafe ta ji. Ɗan harafi guda ne ya shiga tsakanin uba da 'ya, har ya sa ta zaga kasuwa cikin rana.

Auta ta ja mai ɗinki waje, ta rage murya. "Goggo, anya Baba bai fara rikicewa ba? Ina aka taɓa ganin mota tana rarrafe?" Idonta ya kawo ruwa. Likita ya riga ya gaya mata cewa zuciyar ta gaji, a daina yawo da shi asibiti, abin da yake so a yi masa.

"Ubanki ko da lafiyarsa ba kowa ke gane shi ba," in ji mai ɗinki. "Jeki ki ɗora girki. Bar ni da shi."

A hankali ta zaro zancen daga bakinsa, kamar mai warware zaren da ya sarƙe. Ashe lokacin da yake kwance a asibiti, ɗan mutumin da ke gadon kusa da shi ya nuna masa a waya: wasu ƙananan motoci da ake tuƙawa da rimot daga nesa, ba sa gudu, sai dai su hau dutse taya bayan taya. Shi kuwa rayuwarsa duk a tifa ya yi ta, yana sauko da duwatsu daga wurin fasa dutse, kan hanyoyin da ko akuya sai ta yi shawara. Lodinsa na ƙarshe a tsakar gidansa ya juye, wai zai ƙara ɗaki. Ɗaki bai ginu ba. Tsibin duwatsun yana nan, ciyawa ta fito a tsakaninsu, kuma daga gadonsa shi kaɗai yake hange ta taga.

"Ina so in hau su," ya ce.

"Da wace ƙafar?"

"Da ƙafa huɗu."

Ranar da Auta ba ta zuwa aiki, mai ɗinki ta yafa mayafi ta nufi shagon da aka kwatanta mata. A saman bene yake, ɗan tsukuku, ƙananan jirage suna lilo daga rufi, motoci jere a kanta har sama. Mai shagon wata matashiya ce da sukudireba a aljihun riga.

"Sannu da zuwa, Mama. Jikan naki shekararsa nawa?"

"Jikan nawa ya ba saba'in baya. Tsaya ki gan shi."

Ta kira Auta a waya, aka buɗe hoto. Sai ga fuskar tsohon ta cika gilashi, an tokare shi da matasai, ya sa hularsa kamar mai shirin tafiya.

Idon mai ɗinki ya fara faɗawa kan wata ja mai sheƙi, doguwa, mai fiffike a baya. Ta ɗaga ta gaban waya. "Ga ta 'yan gayu."

"Kifa ta," in ji shi.

Ta kifa.

"Cikinta a ƙasa. Dutsen farko zai farke ta. Ajiye."

Mai shagon ta yi dariya. "Baba ya san hanya. Wannan ta tsere ce, sai kan kwalta." Ta sauko da wata 'yar mitsitsiya da ba ta cika tafin hannu ba. "Wannan tana rarrafe, amma ta cikin ɗaki ce, ta hau matashi, ta hau takalmi. A waje tushen ciyawa ma sai ya tsayar da ita."

"Waccan," in ji tsohon. Mai ɗinki ta bi idonsa da wayar har saman kanta, inda wata ƙatuwa take zaune kamar ɗan rago.

"Baba, a nuna mini duwatsun tukuna," in ji mai shagon. Auta ta juya wayar wajen taga. Matashiyar ta ƙura ido, ta girgiza kai. "Waccan taku biyu za ta yi ta gama da tsibin nan, ba za ka ji daɗin hawa ba. Mota da dutse sai sun yi daidai da juna. Kuma in ta kife, wa zai ɗaga?"

"Ni ce," in ji mai ɗinki. "Kuma bayan nan nawa guda ne, ba ni da na canji."

Tsohon ya taɓe ɓarin bakinsa mai motsi. "Yarinyar ta fi ni gaskiya."

Sai aka sauko da ta tsakiya, tsawonta kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsu, launin ƙasa-ƙasa, gaba a murtuke. Nan fa aka shiga bincike kamar za a sayi saniya. Ya ce a latsa taya. Mai ɗinki ta latsa, ta ji laushi kamar burodi, mai shagon ta ce haka ake so, don ta rungumi dutse. Ya ce a ɗaga ƙafa ɗaya. Aka ɗaga har sama, sauran ukun suna dafe da tebur. Ya tambayi ko duka huɗun suna ja, aka ce suna ja. Ya tambayi ina batir yake zaune, aka buɗe aka nuna masa, a gaba, can ƙasa. Ya gyaɗa kai.

"Nauyi a ƙasa. Ba za ta yi ƙundumbala ba. In wani abu ya karye fa?"

"Akwai kayan gyaranta a nan, har kusoshi." Mai shagon ta ƙara da cewa, "Akwai wadda ta fi ta kyau, amma a warwatse take zuwa, mutum ya zauna ya harhaɗa da kansa. Sai ya yi makonni yana jin daɗin aikin."

Ta cikin wayar aka ji Auta ta ja hanci.

"'Yata," in ji mai ɗinki, "ba mu wadda ke tafiya yau."

Matashiyar ta dube ta, ba ta ƙara tambaya ba. Ta jona batir a wuta, ta ce kafin Mama ta sha ruwa ta huta zai ɗauka.

"Amma fa mummuna ce," mai ɗinki ta faɗa wa waya.

"Maƙwabciya ma ba don kyau na zauna da ita ba," in ji tsohon.

Da la'asar mijin Auta ya ɗauko tsohon cak ya zaunar da shi a kujera a inuwar baranda. Aka ajiye motar a gindin tsibin, aka miƙa masa rimot. A nan ne kowa ya ga abin da ba wanda ya tuna a shago. Rimot ɗin hannu biyu yake so: ɗaya ya riƙe ya ja totur da yatsa, ɗaya ya murza ɗan sitiyarin da ke gefe. Hannunsa na hagu kuwa yana kwance a cinya kamar na wani. Ya gwada tokare rimot da ƙirji, ya zame. Ya gwada da gwiwa, ya faɗi ƙasa. Mijin Auta ya ɗauko ya rasa wa zai ba.

Mai ɗinki ta jawo kujerarta har kafaɗarta ta taɓa tasa.

"Kawo. Ni totur, kai sitiyari."

"Ke? Ko keke ba ki taɓa tuƙawa ba."

"Keke nake tuƙawa tun kafin a haifi Auta. Wa ya ɗinka rigar da ke jikinka?"

Ta riƙe, ya ɗora yatsunsa a kan sitiyari. Ta ja totur da ƙarfinta. Motar ta zabura, ta daki dutse, ta wuntsila, ƙafafu huɗu suna juyawa a sama kamar buzuzun da ya kife.

"Karen mota," in ji shi, "za ki kashe mu."

Dariyar da ya yi sai da ta zama tari, Auta ta rugo da ruwa. Rabon da a ji dariyarsa a gidan tun kafin ya kwanta.

Daga ranar, kowace la'asar sai an fito da shi. Mai ɗinki ta gano da kanta cewa totur ɗin nan ba shi da bambanci da takun keke in an zo kwanar hammatar riga: kaɗan-kaɗan, ba tsayawa, ba zabura. Shi kuma ya koya mata abin da hankalinta ya ƙi ɗauka da farko, wai ba a kauce wa dutse, a kansa ake ɗora taya, don in ka bi tsakani ciki ne zai maƙale. Da safe yana kwance yana nazarin tsibin ta taga, kafin ta zo ya shirya hanya. Ya sa wa duwatsun sunaye. Akwai Mai Ƙusumbi, akwai Baƙin Mugu, akwai wani faffaɗa mai santsi kusa da ƙololuwa da ya kira Surukata, don kullum a nan ake mayar da su baya.

"Allah ya jiƙan baiwar Allah," in ji mai ɗinki, tana tafiya ɗingis-ɗingis ta ɗauko motar da ta kife. "Tana kabari ma ba ka bar ta ba."

"Ita ta fara."

Abinci ya ɗan ƙara shiga, amma jikin yana ta zubewa. Mijin Auta ya ce kullum in ya ɗauke shi sai ya ji ya fi jiya sauƙi. Wata rana ma ba a fito ba, barci ya yi ta yi. Mai ɗinki ta zauna a kan kekenta ta kasa ɗinka komai daidai, ta ɗinke aljihun wandon mutane ta rufe shi ruf, sai da ta farke.

Washegari aka yi yayyafi da rana, ƙura ta kwanta, duwatsu suka wanku. Da la'asar ya ce a fito da shi. Auta ta so ta hana, mai ɗinki ta yi mata ido.

Suka wuce Mai Ƙusumbi ba gardama. Suka bi ta gefen Baƙin Mugu, ƙafar baya ɗaya tana lilo a iska, ta dawo ta dafa. Da suka iso Surukata, maimakon ya fuskance ta kai tsaye kamar kullum, sai ya karkata sitiyari ya ɗauke ta a kaikaice.

"Kaɗan," ya ce. "Kaɗan. Riƙe nan. Kar ki ƙara."

Tayar gaba ta lallaɓa ta kama leɓen dutsen, ta lotsa, ta ja. Motar ta ɗaga hanci sama har ana ganin cikinta, ta tsaya kamar mai tunani. Sai hancin ya sauko a hankali, ƙafafun baya suka biyo, ga ta zaune daram a ƙololuwa.

Auta ta rufe baki da hannu. Mijinta ya fara tafi, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari.

"Saki totur," in ji tsohon. Ya jingina kai, yana haki, yana kallon can sama inda motar take. "An sauke lodi."

"A sauko da ita?"

"Bar ta ta huta. Ta yi aiki." Ya juyo da ido wajenta. "Karen mota, kin iya."

"Sai yau ka sani."

Da hantsi washegari ya cika, Auta tana riƙe da hannunsa mai lafiya, mai ɗinki tana gefen gado tana gaya masa labarin aljihun da ta rufe. Ba ta kai ƙarshen labarin ba ta ga ya daina saurare. Ta gyara masa hula, ta ce Allah ya jiƙanka, ɗan tsoho, sannan ta rungume Auta.

Mutane suka cika gida, tsofaffin direbobi da 'yan unguwa, aka yi ta shigowa ana fita. Ba wanda ya taɓa motar. Wasu ma ba su lura da ita ba. Da gida ya yi sauƙi, mai ɗinki ta fito baranda ta zauna a kujerarta, tasa kujerar tana nan gefe ba a ɗauke ba. Rana ta yi sanyi, amma duwatsun suna riƙe da ɗumi. Wani ƙadangare ya fito daga ciyawa, ya bi tsibin a guje har sama, ya hau kan bonet ɗin motar ya baje. Ya ɗaga kai, ya sauke, ya ɗaga, ya sauke. Ta daɗe tana kallonsa.