Duro Uku a Baranda

A benen hayar nan mai hawa huɗu, wanda aka gina inda gonaki suke shekara biyar da suka wuce, kowane ɗaki da famfonsa, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗigon ruwa ya fito daga ciki. An kawo gini, an kawo mutane, bututun ruwa kuwa har yau yana hanya. Don haka kowa da duronsa.

Na Uwar Tsafta uku ne, jere a baranda. Maƙwabta ne suka laƙaba mata sunan don tsokana, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Sai ta tace ruwa da farin ƙyalle kafin ya shiga duro, kuma kullum da magariba takan sauke wa 'yarta Auta gidan sauro, ta tura gefensa ƙarƙashin katifa.

Duk da haka zazzaɓi ya kama Auta. Mai kemis ya ce maleriya ce, don a wurinsa kowane zazzaɓi maleriya ne. Kwana huɗu yarinyar tana shan ƙwayoyi, tana kukan ƙasusuwanta za su karye, sannan dasashinta ya fara jini. A asibiti likita ya ce denge ce, cutar da sauro ke yaɗawa, wadda maganin maleriya ba ya taɓa ta.

Uwar Tsafta ta san mai laifi. Mai wankin da ke hawan ƙasa ne, wanda kwatarsa ta yi baƙi ƙirin a bakin ƙofa. Ta sauko ta wanke shi tas a gaban jama'a, sannan ta je ta ɗauko duba-gari da kanta.

Duba-gari ya leƙa kwatar, ya toshe hanci, ya ce, "Hajiya, a nuna mini inda kike ajiye ruwa."

"Ruwana? Ka ɗiba ka sha."

Ya ɗaga murfin duro na uku, wanda gefensa ya ɗan tsage, ya ɗebo a kofinta. Ruwan garau, 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki.

"'Ya'yan sauro ne," in ji shi. "Wannan irin ba ruwansa da kwata, ruwa mai tsabta yake so. Kuma da rana yake cizo."

A gindin duron nan Auta ke zama bayan makaranta, don wurin ya fi sanyi. Uwar Tsafta ta tuntsurar da duron duka uku, ruwan ya bi matakala har ƙofar mai wanki.

Washegari da hantsi Auta ta cika. Da aka kawo ta gida, matan da za su yi mata wanka suka nemi ruwa. Uwar ta murɗa famfo, ya yi huci ya yi shiru.

Ta tayar da duron da hannunta, ta leƙa titi, ta kira mai ruwa.

"Nawa za a cika, Hajiya?"

"Duka ukun," ta ce.